Kacalla a Toledo

Babban karatuna lissafin kuɗi ne.
Shi aka rubuta a takardar tallafi,
shi Kawu Sallau yake faɗa a bakin kasuwar Nguru
in an tambaye shi me na haye teku nema.
Kwana huɗu a mako ina bin sifili
daga wannan shafi zuwa wancan,
ina farautar kwabon da ya ɓace.

Alhamis kuwa ta ƙaramin darasi ce,
ilimin muhalli, na cike gurbi,
yajin da ake zubawa a gefen kwano.
Na ɗauke shi don bai ci karo da komai ba.
Ba zan yi ƙarya ba.

Malama Novak ta raba mana takalman roba
masu hawa har ƙirji.
Nawa na wani ƙato ne da ya gama bara,
na faɗa ciki kamar kaza a buhu.
Mota ta sauke mu inda kogin Maumee
yake juye cikinsa a tafkin Erie.
Ruwa kore shar, sai ka ce an kaɗa kuka,
da warin randar da aka manta a ɗaki.
Takin gonakin masara ne, in ji Malama,
ruwan sama ya wanko, gansakuka ta ƙoshi.
Terrell ya ce yana yaro an hana su shan famfo,
kwana uku uwarsa na layin ruwan gora.
Na ce a raina: to, ashe har nan?

Sai ga ta.
Tsaye a bakin fadama, ta fi ni tsawo,
kanta kamar zangarniyar gero da ba ta ciyar da kowa.
Malama ta kira ta da Latinanci,
kowa ya duƙa yana rubutu.
Ni ban rubuta ba.
Wa yake rubuta sunan wanda ya ci gidansu?
Kacalla ce.
Ita ta toshe wa kwalekwalen Baba hanya,
ta haɗiye gonar shinkafa,
ta ba jan-baki masauki kyauta,
har mai kamun tarwaɗa
ya koma sayar da katin waya a tasha.

Na ɗaga hannu, sanyi na cizon gwiwata.
Na ce a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta,
in ta rasa numfashi sai ta ruɓe.
Malama ta ce, a wane littafi?
Na ce ba littafi ba ne, mutum ne,
da lauje, ruwa har wuya,
matsattsaku a ƙwauri.
Ta rubuta. Ita ce ta rubuta.

Sannan ta nuna mini inda suka bar ta da gangan
tana shanye takin kafin ya kai tafki.
Ɓarauniyar garinmu, a nan mai gadi ce.
Wannan ya tsaya mini a maƙogwaro
har muka koma mota.

Da dare na kira gida, can asuba ta kusa.
Baba ya ce, Tasalla, lissafin ne ya kai ki laka?
Na ce ƙaramin darasi ne kawai.
Ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ki ƙaro.
Ya yi shiru, na ji zakara a bayansa.
Sai ya ce, tasu ta kai tamu kauri?

Gobe jarrabawar haraji.
Littafin na buɗe a shafi na tamanin,
laka ta bushe a kan jadawalin riba da asara.
A gefensa kwalbar ruwan Maumee,
da sunana a jiki, da kwanan wata,
koren yana kwanciya a hankali.
Ban kankare lakar ba.